Zuwa ga Yaya, kan Matanmu da Hanyar Aljeriya

Yaya, ga magana kan matan Kance da Matamaye da ke ta kwararowa nan Tamanrasset ba takarda. A ganina hamada ba ita kaɗai ke cin su ba, shirunmu ma yana ci. Mace ta dawo gida da barguna da katifa da kayan ɗakin 'yarta, gari ya taru yana sa albarka, ba mai tambayar abin da jikinta ya gani. Ita kuma kunya ta ɗaure mata baki, sai maƙwabciyarta ta sayar da akuya ta kama hanya.

Hatsarin da ke fili kowa ya san shi. A Oktoban 2013 motoci suka lalace arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, cikinsu yara 52 da mata 33, ƙishirwa ce ta kashe su. Wanda ba a faɗa shi ne abin da ke faruwa da wadda ta tsira. Direban da ya san ba ta da inda za ta kai ƙara yana iya neman abin da ya fi kuɗin mota. In an yi mata fyaɗe, zuwa wurin jandarma daidai yake da miƙa kanta a kore ta, ga shi tun Disamban 2014 ake kwashe 'yan Nijar a manyan motoci zuwa Asamaka da ke bakin iyakar Nijar. Mai ciki tana gudun awo don wannan tsoron, ta haihu a kango, jini ya ɓalle ba ungozoma. Maganin kariya daga ƙanjamau bayan fyaɗe kuwa cikin awa 72 ake fara shi, wadda ke ɓuya ba ta samunsa.

Za ka ce talauci ne, gona ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa. Gaskiya ne, kuma mai cin tuwo sau uku bai isa ya zagi mai bara ba. Amma yunwa ɗaya ce ga miji da mata, me ya sa ita ake turawa da goyo? Saboda mace da yaro sun fi samun sadaka a titi, wato raunin nata ne aka mayar jari. Wasu kuma su ce tunda Nijar ta soke dokar 2015 mai hana safarar 'yan ci-rani a Nuwamban 2023, hanya ta buɗe. Ta buɗe a ɓangaren Nijar kawai. Da ta taka ƙasar Aljeriya, marar takarda ce kamar jiya.

Don haka, Yaya, ku da liman da mai gari ku daina auna tafiya da kayan da aka sauke. Wadda ta dawo a fara kai ta asibiti a asirce, ba gori ba tsegumi. Wadda ke shirin tafiya kuma a zaunar da ita gaban waɗanda suka dawo, mata zalla, ta ji komai kafin ta biya kuɗin mota. A gaida Inna. Wassalam.