Abin Da Alhazan Ƙasa Suka Ƙetare

Mu mutanen Zango ruwanmu na rijiya ne da kududdufin damina, sai madatsar Sabke ga wanda ya yi nisan kiwo. Duk da haka muna da tarihi da teku. Kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, sai da suka yada zango a Sawakin, suna jiran jirgin da zai ƙetare Bahar Maliya da su zuwa Jidda. Hankalinsu na Makka, abin da ke ƙarƙashin jirgin kuwa Allah bai nuna musu ba.

A arewa da Sawakin, cikin ruwan Dungonab da UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya a 2016, kifin manta ke kiwo gefen duwatsun murjani. Shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, mafi girman jinsinsa kan kai mita 7 a faɗi. Ba shi da ƙayar dafi a wutsiya. Baki kawai yake buɗewa ya tace mitsi-mitsin halittun ruwa. Masu nutso da tukunyar iska a baya sukan natsu wuri guda su jira shi, domin in an bi shi gudu yake yi, in an ƙyale shi sai ya matso da kansa.

Nakan yi tunanin wannan hali: ga girma, ba cin zali. Macen kifin ɗa ɗaya takan haifa bayan cikin kusan shekara, shi ya sa in masunta suka matsa wa kifayen, da wuya su farfaɗo.