Mai Walda Da Motar Ɗan Ƙanwarsa

Kowa ya san kuza ce ta raya garin Jos, amma ba kowa ne ya lura da abin da ta bari a baya ba, in ban da tafkunan nan da ke warwatse daga Rayfield har Barikin Ladi. Ta bar masu sana'ar hannu. Tun da ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya ya kai Bukuru a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan ya iso Jos a 1927, kamfanonin haƙar kuza suka riƙa shigo da manyan injuna, kuma da yake in wani abu ya karye sai an yi watanni kafin madadinsa ya zo daga Ingila, tilas kowane babban kamfani ya kafa ma'aikatarsa ta gyara. A nan ne 'yan ƙasa suka koyi yankan ƙarfe da huda shi da haɗa shi. Ko da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, yawancinsu sun riga sun watsu cikin gari, sun kafa rumfuna a Dilimi da Farin Gada da hanyar Bauci, suna gyaran motoci suna koya wa yara.

Akwai wani dattijo mai walda a Dilimi wanda a hannun ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya koyi aiki. Ya shiga koyo ne daidai lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, saboda haka ana iya cewa shi da 504 tare suka girma, tare kuma suka tsufa. Mutum ne mai ƙarancin magana, idanunsa sun yi ja don shekarun da ya yi yana duban wuta. Abin da aka san shi da shi a tasha shi ne gyaran shasin manyan motoci, watau dogayen ƙarafan nan biyu da ke kwance ƙarƙashin mota kamar tsani, waɗanda inji da bodi da kaya duk a kansu suke zaune.

A wannan aiki yana da wani ra'ayi da ya sha jawo masa gardama da masu motoci. Mai mota zai zo da gingimarin da ta sha lodin dankalin Turawa daga Bokkos ko Mangu har shasinta ya tsage, ya ce a ɗora masa ƙarfe mai kauri a bi shi da walda ta ko'ina, don ya tabbata ba zai sake tsagewa ba. Shi kuwa sai ya ƙi. Ya ce masu ƙera motar ba don rashin injin walda suka haɗa shasin da ƙusoshin ribit ba. Shasin babbar mota an yi shi ne ya riƙa murɗewa kaɗan yana dawowa in ƙafa ɗaya ta faɗa rami, kuma ƙarfensa ya sha horo da wuta tun a ma'aikata, in aka sake gasa shi sai ya rasa wannan horo. Wanda ya manna masa faranti mai kusurwa huɗu ya zagaye shi da walda ya yi gyaran gangar Auzinawa, gama tsagar za ta dawo daidai bakin farantin, inda wuri mai tauri ya haɗu da wuri mai lanƙwasa. Shi nasa farantin yakan fiƙe bakinsa biyu kamar kifi, ya huda gefen shasin, ya ɗaure, bai taɓa leɓen sama ko na ƙasa ba. Wasu suka yi fushi suka tafi wani wuri, da yawansu kuma suka dawo da motar an jawo ta.

To, wannan mutum ne ɗan ƙanwarsa ya zo wa da wata tsohuwar BMW, irin wadda ake kira E36, 'yar Kwatano wadda ta riga ta wuce hannu uku ko huɗu, ya ce yana so a ƙara mata tauri saboda wasan zamiya, wanda samari ke kira diriftin.

Mai karatu da bai san wannan wasa ba, ga yadda yake. Direba yakan shiga kwana da gudu, ya sa ƙafafun baya su kuɓuce da gangan, motar ta riƙa tafiya a karkace tana hayaƙin taya, shi kuwa yana riƙe da ita da sitiyari da totur har ta fita kwanar. Sai da motar da ƙafafun baya ke tura ta, shi ya sa samari ke neman tsofaffin BMW da Mercedes 190. A Japan abin ya samo asali, inda wani direban tsere mai suna Kunimitsu Takahashi ya yi suna da irin wannan tuƙi a shekarun 1970, samari suka kwaikwaye shi a hanyoyin kan dutse, har Keiichi Tsuchiya ya shahara da shi a kan Toyota AE86. A farkon shekarun 2000 aka mai da shi gasa mai ƙa'ida a Japan, Amurka ta biyo baya a 2004. A garuruwanmu na Arewa kuwa an fi ganinsa ranar ɗaurin aure ko ranar salla, a kan titin jama'a, yara sun yi layi a bakin kwalta suna ihu.

Dattijon bai ce komai ba a ranar. Ya sa aka ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak, ya buɗe ƙofar baya, ya nemi rufe ta, ƙofar ta ƙi shiga sai da ya danna. Ya ce, "Ka gani? Jikinta ya saki." Saurayin ya ce, "Abin da nake faɗa ke nan, Kawu. In na shiga kwana sai in ji kamar gaban yana wani wuri bayan yana wani."

A nan kam yaron yana da gaskiya. Ƙaramar mota irin wannan ba ta da shasi mai tsani. Jikinta shi ne shasinta: fallayen ƙarfe ne marasa kauri, da yawansu ba su kai milimita 1 ba, aka lanƙwasa aka ɗora bakin wannan a kan na wancan, inji ya bi yana ɗiga musu walda ɗigo-ɗigo, dubbai a mota ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya, ga ramuka, ga tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, sai ɗigon ya fara saki, jiki ya riƙa murɗewa. In jiki yana murɗewa, aikin da ya kamata sifirin da shokozoba su yi shi ne yake yi, taya ba ta tsayawa yadda aka daidaita ta, direba kuwa ba ya iya sanin abin da motar za ta yi masa. Ita wannan BMW ma an san ta da tsagewa a ƙasan bayanta, wurin da aka ɗaure ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun baya, kuma wurin nan ne wasan zamiya ya fi wahalarwa.

Saurayin ya zo da shawararsa a shirye daga abin da ya gani a waya. Ya ce ribit ya fi sauƙi: a huda tsakanin ɗigo da ɗigo, a harba ƙusa, babu wuta, babu ƙona fenti, kwana biyu an gama. Abin mamaki, mutumin da ya yi shekaru yana kare ribit a gaban masu gingimari shi ne ya ƙi shi a nan. Ribit ɗin shasin babbar mota ƙarfe ne mai kaurin yatsa, a cikin ƙarfe mai kauri, an matse shi da inji har ya cika ramin. Wanda ake sayarwa a kasuwa ana harbawa da bindigar hannu kuwa galibi na alminiyum ne, cikinsa fanko, an yi shi don allon shago da ƙofar gilashi. In aka sa shi inda ƙarfe biyu ke goga juna dare da rana sai ya faɗaɗa raminsa ya yi sako-sako, kuma alminiyum da ƙarfe in suka haɗu da ruwa sai su ci juna. Ga damina irin ta Jos, kowane rami da aka huda ƙofa ce aka buɗe wa tsatsa. Akwai ribit na ƙarfe mai ƙarfi da ake yin irin wannan aiki da shi, kuma yana da amfani ga wanda ba shi da halin walda, amma ko shi bai kai walda mai kyau ba.

Sai yaron ya juya ya ce to a bi duk gaɓoɓin da walda daga farko har ƙarshe. Wannan ma dattijon ya ƙi, dalilinsa kuwa tsoho ne, ya girmi motar. Walda mai tsawo a kan falle marar kauri tana tara zafi, ƙarfe ya kumbura ya karkace, a gama aiki a ga ƙofa ba ta rufuwa, gilashin gaba ba ya zama. Bayan haka, in tsaga ta kama a walda marar yankewa, babu abin da zai tsai da ita. Masu ƙera jiragen ruwa a Amurka sun koyi wannan da tsada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da suka bar ribit suka koma walda don sauri: a watan Janairu na 1943 wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland. Ƙarfen ne ya yi gautsi da sanyi, amma da jirgin na ribit ne, da tsagar ta tsaya a bakin faranti ɗaya. Dattijon bai san sunan jirgin ba. Abin da maigidansa ya koya masa shi ne a yi walda kamar ɗinkin hannu, inci 1 a yi, inci 1 ko 2 a tsallake, a yi kaɗan a dama a koma hagu, a bar wuri ya huce kafin a dawo masa. Haka masu shirya motocin tseren daji suke yi tun da daɗewa, irin tseren Safari na Kenya wanda 504 ta ci a 1975.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Sai an fitar da kujeru da shimfiɗa da wayoyi, a sauke tankin mai, a cire batir da kwamfutar inji, a kankare fenti da ƙaron da aka toshe gaɓoɓi da shi har ƙarfe ya yi fari, a ɗora motar daidai wa daida, gama in aka ɗinke ta a karkace a karkace za ta zauna har abada. Injin walda mai sanda irin na bakin titi huda fallen yake yi, wutar kabaid kuwa tana baza zafi da faɗi. Sai da ya je ya yi hayar injin nan mai zaro waya da iskar gas daga wani abokin sana'arsa.

Amma abin da ya hana shi barci ba wannan ba ne. Ƙanwarsa ta zo har gida da dare ta ce, "Yaya, don Allah kada ka taɓa motar nan. In ka gyara ta ka ba shi wuƙa." Ya ce mata in bai taɓa ba akwai rumfa ashirin tsakanin nan da Farin Gada da za su karɓi kuɗin yaron su yi abin da ya ce, kuma ya san irin aikin da za su yi. Maganarta gaskiya ce, tasa ma gaskiya ce, kuma har suka rabu babu wanda ya rinjayi wani.

Abin da yake tsoro shi ne gaban motar. Tun 1952 wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, ya yi rajistar dabarar da ake ƙera motoci da ita, watau a bar gaba da baya su murƙushe in an yi karo, su shanye ƙarfin bugun, ɗakin da mutane ke zaune kuwa ya tsaya da taurinsa. Wanda ya taurara hancin mota har ba ya murƙushewa bai rage bugun ba, ya miƙa shi ne kai tsaye zuwa ƙirjin direba, da jikin duk wanda aka buge. Mutumin da ya yi shekaru yana yanka ƙarfe don fitar da mutane daga motocin da aka jawo daga Hawan Kibo ba ya bukatar a karanta masa wannan a littafi. A filayen gasa na Japan da Amurka ana yarda da ɗinkin walda, amma tare da kejin ƙarfe a ciki, da kujera mai riƙe jiki, da bel mai igiyoyi da yawa, da hular kwano, da katanga tsakanin mota da 'yan kallo. Samarinmu sukan ɗauki taurin su bar sauran, da yake sauran ba ya fitowa a hoto.

Saboda haka ya gindaya sharuɗɗa. Zai ɗinke kewayen ƙofofi da dakalin ƙasa da kan shokozoba, ya sa faranti a wurin nan na baya mai tsagewa, amma ba zai taɓa ƙarafan da suka wuce inji zuwa hanci ba. Motar ba za ta ɗauki kowa a baya ba, ba za ta yi wasa a titin da mutane ke bi ba, kuma ba za ta fita rumfarsa ba sai da keji. Yaron ya amince da sauri, irin amincewar wanda bai lissafa kuɗi ba.

Ɗinkin ya ci mako 3, saboda wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Da aka sake ɗaga ƙafa ɗaya da jak, ƙofar baya ta rufu da yatsa ɗaya. Sai aka zo kan keji. Saurayin ya sayo bututun ruwa daga kasuwar kayan gini, dattijon ya juya shi a hannu, ya nuna masa layin haɗin da ke bin tsawonsa, ya ce wannan a bugu ɗaya zai buɗe, kuma hayaƙin farin rufin da ke jikinsa yana sa mai walda zazzaɓi. Bututun da ake bukata shi ne marar haɗi, mai kauri, kuɗinsa kuwa ya ninka abin da yaron ya tanada. Har damina ta faɗi motar tana rumfar a kan katako, an shafe ɗinkin da jan fenti don kada ya yi tsatsa, an rufe ta da tamfol, makullin kuma yana aljihun dattijon.