Littattafan da Na Karanta Tsakanin Hausa da Faransanci

Bahaushen Kamaru mai son karatu yana da rumbu biyu. Ɗaya makaranta ce ta cika masa shi da Faransanci, tun daga ajin farko har ya gama lise. Ɗayan kuwa kasuwa ce ta cika shi, da littattafan Hausa waɗanda fatake ke shigowa da su daga Kano ta hanyar Yola ko Mubi, a cusa su tsakanin atamfa da turare, su iso Garwa ko Marwa bangonsu ya lanƙwashe. Daga rumbunan nan biyu na ci tun ina yaro, kuma da ma'auni ɗaya nake auna abin da ke cikinsu. In na rufe littafi nakan tambayi kaina: shin marubucin ya bar mutanensa sun yi numfashi kamar mutane, kuma ya faɗi gaskiyar abin da rayuwa ta karɓa daga hannunsu? Da wannan ma'auni zan faɗi ra'ayina kan kaɗan daga cikin abin da na karanta, na labari da na zane.

Zan fara da tsofaffin. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a ƙarƙashin Hukumar Fassara, kuma daga gasar ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mutane da yawa sukan ɗora Ruwan Bagaja a kan sauran, ni ma ba na musu a kan harshensa. Imam yana juya Hausa kamar yadda gwanin magini ke juya yumɓu. Amma in aka tambaye ni me ya rage mini a rai daga littafin, ba zan ce ruwan da aka je nema ba. Malam Zurƙe ne. Duk inda shi da Alhaji Imam suka haɗu sai ɗaya ya haƙa wa ɗaya rami, gobe kuma a rama, kuma babu waliyyi a cikinsu. Wannan tsiyar da suke shuka wa juna ita ce ran littafin. Da an cire Zurƙe, da abin da zai saura tafiya ce ta aljanu da abubuwan mamaki irin wadda tatsuniya ta riga ta ba mu.

Shaihu Umar bai kai Ruwan Bagaja daɗin baki ba, sai dai ya fi shi nauyi. Yaro ne aka sace, ya bi hannu zuwa hannu har ya ƙetare hamada tare da Balarabe Abdulkarim, ya yi karatu ya zama malami. Wadda ta fi tsaya mini a zuciya ita ce uwarsa. Ta bar gida don neman ɗanta, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, ta sha azaba har bakin Tarabulus, kuma da Allah Ya haɗa su ba ta daɗe ba ta rasu. Ƙorafina da littafin shi ne sanyin muryar Umar. Yana ba da labarin cinikin bayi kamar mai ba da labarin fari ko ambaliya, abin da ya sauko daga sama babu mai laifi. Alhali mutane ne suka kama, mutane suka sayar, mutane suka saya. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar Adamawa ta hanyoyin fatauci, ya kamata mu karanta wannan littafi da idon da ya san cewa ayarin da ya ɗauko goro da kanwa wani lokaci ya ɗauko mutum.

A rumbun Faransanci, wanda ya fara kama ni shi ne Ferdinand Oyono, ɗan ƙasarmu, da littattafansa biyu na 1956. Malamai sun fi son Une vie de boy, labarin Toundi yaron gidan Kwamanda, wanda sanin asirin matar ubangidansa ya zama ajalinsa. Ni kuwa Le vieux nègre et la médaille na fi so. Tsoho Meka ya ba mishan gonarsa, 'ya'yansa biyu sun mutu a yaƙin Turawa, sai aka ce za a saka masa da lambar girma ranar 14 ga Yuli. Aka zana masa da'ira da alli aka tsayar da shi a ciki, rana na dukansa, takalmi na cizonsa, fitsari ya matse shi, shi kuwa yana tsaye yana jiran girma. Za ka yi dariya har hawaye, daga baya ka ji kunyar dariyar. A nan Oyono ya wuce Imam. Dariyar Imam takan ƙare da an rama an tashi, ta Oyono kuwa takan bar ka da tambayar nawa aka biya tsohon nan a kan 'ya'ya biyu.

Littattafai biyu da suka fi sa ni tunani mata ne suka rubuta su, kuma dukansu biyu an aurar da su suna ƙanana. Na farko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Na biyu Munyal na Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa, wanda ya fito a 2017, aka sake fitar da shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, har ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a wannan shekara. Kalmar munyal da Fulatanci ita ce haƙuri da Hausa, kuma duk wanda ya taɓa raka amarya a Garwa ya san ita ce kalmar da ake cika kunnen yarinya da ita daren da za a kai ta. Littattafan biyu a kan wannan kalma suka tsaya, kowanne da yadda ya auna ta.

Amal ta kawo mata uku. Ramla tana da wanda take so da burin karatu, aka ba da ita ga wani attajiri da ya haife ta. 'Yar'uwarta Hindu aka haɗa ta da ɗan'uwa mashayi mai duka, har hankalinta ya taɓu. Safira kuwa ita ce uwargidan da aka kawo wa Ramla a matsayin kishiya, ta shiga malamai da makirci don ta kare ɗakinta. Abin da na yaba shi ne yadda aka bar kowacce ta yi magana da bakinta, har Safira da za ka so ka tsana sai ka tarar tsoro ne ke tuƙa ta. Abin da ban yaba ba shi ne mazan littafin. Kusan dukansu fuska ɗaya gare su, kamar an sassaƙa su daga itace guda. Wani lokaci kuma nakan ji marubuciyar ta dakata tana yi wa baƙo bayanin al'adar da mu muka tashi a cikinta, sai in tuna cewa ba ni kaɗai aka rubuta wa ba, akwai mai karatu a Faris da ake jira ya gane.

Balaraba ba ta yi wa kowa bayani, don ta san da 'yan gida take magana. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ba ta zauna kuka ba, ta kama sayar da abinci, ta ciyar da yara, ta aurar da Saudatu gidan rufin asiri. Sannan gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Wasu masu karatu suna jin haushin wannan ƙarshe, suna cewa marubuciyar ta miƙa wuya. Ni a ganina nan ne littafin ya fi faɗin gaskiya. Mace ta tsaya da ƙafarta, ta gina abin da namiji ya rushe, amma ranar da ya faɗi ita aka kira ta ɗauke shi, kuma babu wanda ya tambaye ta ko tana so. Balaraba ba ta ce haka ya dace ba. Ta ajiye abin a gabanka kamar yadda yake faruwa a unguwa, ta bar ka da shi. Hausarta ba ta da adon ta Imam, wani wuri ma labarin yana gudu kamar ana korarsa, amma ta san farashin kwanon shinkafa da kuɗin makarantar yaro, kuma wannan sani ya fi mini ado. Littafin ya yi tafiyar da ba a zata ba, domin Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Ke nan akwai mai karatu a Indiya da ya san Rabi, alhali ɗiyar maƙwabcinmu da ke jin Hausa ba ta san ta ba.

Sai littattafan zane, waɗanda yaran lakwal ke kira bede. Manya sukan raina su, su ce wasan yara ne. Ni ban raina su ba, domin hoto yana shiga kan yaro kafin ya iya tace abin da ake ba shi. Misali Tintin au Congo na Hergé ɗan Beljiyam, wanda aka fara bugawa a jarida a 1930. Hannun mai zanen gwani ne, layinsa tsaf, motsinsa kamar mai rai. Amma dubi yadda ya zana mutanen Kwango: leɓɓa kamar faranti, idanu a zazzare, manya masu hankalin yara, suna rusuna wa saurayin Bature har da karensa. Dabbobin daji kuwa kashe su yake yi kamar ba rai gare su ba, har karkanda ya fasa da nakiya. An kai ƙarar littafin a Beljiyam, kotu ta ƙi hana shi a 2012. Ni ma ba na neman a hana. Ina dai ganin bai kamata a miƙa wa yaro baƙar fata shi a juya baya ba. A zauna da shi, a tambaye shi wa ya yi zanen, a wane zamani, kuma wa ke mulkin Kwango a lokacin.

Maganin wannan ciwo na same shi a Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, kashi na farko ya fito a 2005 ya kuma ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a 2006. Unguwa ce a Abijan a ƙarshen shekarun 1970. Aya tana son ta zama likita, ƙawayenta Adjoua da Bintou hankalinsu na wajen samari da rawa. Adjoua ta yi ciki, aka liƙa wa ɗan attajiri, iyaye suka shiga lissafin abin da za su samu, jariri kuma ya fito da kamannin wani daban. Babu yaƙi, babu yunwa, babu Baturen da ya zo ceto. Akwai tsegumi, da ƙaryar maza, da iyayen da ke wa'azi da rana su yi abin kunya da dare. Wasu shafukan ba na ƙananan yara ba ne, kuma rayuwar mashaya da ke ciki ta yi nesa da tarbiyyar gidajenmu. Duk da haka, shi ne littafin zane na farko da na ga baƙaƙen mutane a ciki suna da wayo da wauta da kwaɗayi da kirki gwargwadon yadda Allah Ya raba wa kowa.

To, in na haɗa rumbunan biyu na duba, akwai wanda ba na gani a ciki, shi ne mu. Littattafan Hausa na Kano ne da Zariya da Katsina. Amal ta rubuta gidan Fulanin Marwa. Abouet ta rubuta Abijan. Ina labarin mai suyar nama a Briketeri ta Yawunde, wanda kakansa ya zo daga Kano, shi kuwa bai taɓa ganin Dala ba? Ina na yarinyar da ke Hausa da uwarta, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, in ta je Najeriya a ce mata 'yar Kamaru, in ta sauka kudu a kira ta baƙuwa? Ina na direban da ke dakon shanu daga Ngaundare zuwa Duwala? Waɗannan labarai suna nan a bakin mutane a kowace majalisa, kuma kowace shekara tsofaffin da suka fi sanin su suna raguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko an rubuta, wa zai karanta? Yaranmu da yawa suna jin Hausa kamar ruwa, amma ka miƙa musu shafi ɗaya sai su tsaya cak, su karanta c kamar ta Faransanci, su kasa raba ƙ da k, ɗ da d. Harshen da ake magana da shi kawai, ba a karanta shi, yana zama na kicin da kasuwa, kuma duk abin da ya shafi tunani mai zurfi sai a koma wa harshen makaranta. A nan nake ganin littafin zane zai yi mana aikin da babban littafi ba zai yi ba. Maganar da ke cikinsa gajera ce, irin ta baka ce, hoton kuma yana riƙe hannun yaro in kalma ta gagare shi. Yaron da ya gama shafi ashirin na zane da Hausa ya riga ya koyi baƙaƙen ba tare da an ɗaga masa bulala ba, kuma daga nan zuwa Magana Jari Ce tafiya kaɗan ce.

Muna da matasa masu zane, ana ganin hannunsu a allunan shagunan aski da jikin motoci. Muna da masu iya ba da labari. Abin da ya rage shi ne su zauna wuri ɗaya, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya zana, ko da shafi huɗu ne a wata, a tura ta waya. Kafin wannan ya samu, duk wanda ke da tsohon littafin Hausa a ƙasan akwati ya fito da shi, ya karkaɗe ƙurar, ya karanta wa yaran gidansa babi ɗaya da dare yana nuna musu layin da yatsa. In sun yi dariyar Malam Zurƙe, ya miƙa musu littafin su nemi babi na gaba da kansu.