Rana, fata da abin da ke cikin kwalba

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Birnin Ƙonni ba ya bukatar a yi masa bayanin rana. Daga Afrilu zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi ta riƙa ƙyalli kamar an kwarara mata ruwa, amma duk da haka masu albasa a Galmi, da leburorin siminti a Malbaza, da manoman rani na fadamar Ƙonni, a ƙarƙashinta suke neman na tuwo. Mutanen da sun san maganinta: malafa, rawani, riga mai yalwa, da inuwar dogon yaro idan rana ta take tsaka. Yanzu kuwa wani sabon abu ya shigo kasuwa, wato man kare rana, a cikin kwalabe masu hoton rana da haruffan SPF, waɗanda ake shigowa da su ta Illela ta Najeriya tare da sauran kayan shafe-shafe.

Akwai wani malamin makarantar boko a wani ƙauye na gundumar Illela, tamu ta jihar Tawa, wanda Allah ya ba ɗiya zabiya. Shi baƙi ne, matarsa baƙa, ƴaƴansu biyu na fari baƙaƙe, don haka ƴan gulma ba su rasa abin faɗa a kan uwar ba. Alhali kuwa abin gado ne da ke zuwa ta ɓangarori biyu: sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar a ɓoye, sa'an nan a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi zabiya. Yarinyar ba ta kai shekara biyar ba ƙeyarta da kunnuwanta suka fara yin ja suna saɓa. Wani ma'aikacin lafiya ya ce masa ya nemi man kare rana mai lamba 50. Da aka yi albashi sai ya hau mota ya tafi Ƙonni.

A wani shago ya ce wa mai kaya: "Alhaji, man kare rana nake nema, na yarinya."

"Mushe, ka zo gidansa. Ga wannan, shi mata ke rububi. Sati biyu za ka ga ta yi fes."

"Alhaji, ai ita ba haske take nema ba. Haske ne ma ciwonta."

Da malamin ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, sai ya tarar man bilicin ne, an dai manna masa hoton rana. Alhajin ba da mugunta ya miƙa masa ba. A wurinsa duk abin da ke cikin kwalba mai ƙamshi man gyaran fata ne, kuma bai taɓa cin karo da wanda ya tambaye shi abin da aka haɗa a ciki ba. Da a ce malamin ba ya karatu, da ya kai wa ɗiyarsa abin da zai ƙara cinye mata fata, ya biya kuɗi kuma ya yi godiya.

To, me ya kamata a tarar a bayan kwalbar? A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, iri biyu. Wanda ake kira UVB shi ke ƙona fata, wanda ake kira UVA kuma ya fi nutsawa ciki, yana tsofar da fata yana sa tabo. Dukansu suna da hannu a sankarar fata. Lambar SPF, wadda Faransawa ke rubutawa FPS, ƙarfin tare UVB kaɗai take nunawa: mai 15 na tare kimanin kashi 93 cikin 100, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Game da UVA sai an nemi wata alama daban. Kayan Turai kan sa haruffan UVA a cikin da'ira, kayan Indiya da sauran ƙasashen Asiya kuma su rubuta PA da alamar tarawa, daga ɗaya zuwa huɗu. Kwalbar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan rabin aiki take yi.

Sinadaran da ke yin aikin gida biyu ne. Na farko na ma'adinai ne, Zinc Oxide da Titanium Dioxide, farin gari da ke zama a saman fata. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce waɗannan biyun ne take da isasshiyar hujjar cewa ba su da illa kuma suna aiki. Ta ce wasu biyu, PABA da Trolamine Salicylate, ba su cancanta ba, sa'an nan ta nemi ƙarin bincike a kan wasu 12. Waɗannan su ne gida na biyu, irin su Avobenzone, Octocrylene da Oxybenzone, wanda a jikin kwalba aka fi rubuta shi Benzophenone-3. Binciken da hukumar ta wallafa a 2019 da 2020 ya nuna suna ratsa fata su shiga jini. Shiga jini dai ba shi ne cutarwa ba, kuma hukumar da kanta ta ce kada a daina shafawa saboda wannan. Amma Tarayyar Turai ta rage adadin Oxybenzone da aka yarda a zuba a 2022. Uban da ke saya wa ƙaramar yarinya abin da za ta shafa kullum har iyakar rayuwarta, hankali ya fi kwanciya ya zaɓi na ma'adinai.

Aibin na ma'adinai ɗaya ne: a baƙar fata yakan bar toka-toka, mutum ya fito kamar wanda ya kwana a masana'antar Malbaza. Wannan ƙorafi ne da mutanen Indiya ma suka daɗe suna yi, domin an fara haɗa waɗannan mayuka ne da farar fatar Bature a zuciya. Masu haɗawa sun samo dabarar zuba Iron Oxides, wanda ke ba man launin ƙasa, kuma yana taimaka wa mata masu baƙin tabo a kumatu bayan goyon ciki. Ga zabiya kuwa tokar ba abin damuwa ba ce.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da mai talla ba zai faɗa ba. Baƙar fata da garkuwarta aka halicce ta. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna cewa sinadarin melanin da ke cikinta na ba da kariya kamar ta SPF 13, a yayin da ta Bature ba ta wuce 3 da ɗoriya ba. Saboda haka dillalin albasa da ya shekara talatin a rana ba shi ne ke kan gaba wajen haɗarin sankara ba, kodayake rana na iya ƙona shi ta kuma ɓata masa ido. Sankarar fata a wurin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko a bakin tsohon gyambo da tabon ƙuna. Ta ƙarƙashin farcen ƙafa ce ta yi ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, kuma babu man da zai hana irinta. Abin da ke ceto shi ne a kai wa likita da wuri.

Masu bukatar man da gaske kashi biyu ne. Na farko zabiyoyi, waɗanda a Afirka kudu da Sahara ake ƙiyasta mutum 1 cikin 5,000 zuwa 15,000, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa da yawansu sankarar fata ke kashe su tsakanin shekara 30 da 40. Na biyu su ne waɗanda suka kankare garkuwarsu da hannunsu. Man bilicin kan ƙunshi Hydroquinone, wanda Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, ko Clobetasol mai sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ko kuma sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Kwaddibuwa ta hana waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Matar da ta shafa irin wannan da dare, da safe ta fita ranar Ƙonni, ita ce ke ƙarewa da baƙin kumatu da gaɓoɓin yatsu masu duhu. Abin takaici, sau da yawa kuɗin miji ma'aikaci ne ke sayen man, kuma yabon da yake yi wa farar mace a gabanta shi ya tura ta shagon.

Malamin nan bai dawo hannu wofi ba. A wani kantin magani ya samu na gaske, ƴar ƙaramar kwalba da ta ci masa jikkuna masu yawa. A nan ya gane cewa sayen ma somin-taɓi ne. Lambar da ke jikin kwalba ba ta tabbata sai an shafa da kauri, kusan ƙaramin cokali shida ga jikin babban mutum, a kuma sake bayan kowace awa 2, da bayan gumi, da bayan alwala. Wanda ya shafa kaɗan don kwalba ta kai ƙarshen wata ya sayi 50 ne ya shafa abin da bai kai rabinta ba. Ga kuma zafi na lalata man, don haka kwalbar da ta yi wata uku a kan tebur a tsakar rana ba abin dogaro ba ce ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Man kaɗe, duk da amfaninsa ga kaushi da hunturu, ba ya tare rana yadda za a dogara da shi.

Da ya yi lissafi ya ga albashi ba zai ɗauka ba, sai ya koma ga dabarar kakanni. Ya sa tela ya ɗinka wa yarinyar riguna masu dogon hannu da yadi mai kauri, ya saya mata malafa mai faɗin baki, aka ɗauke mata zuwa rijiya da aike tsakanin hantsi da la'asar. Man kuma aka keɓe shi ga fuska, kunnuwa, wuya da bayan hannu. A aji ya zaunar da ita a layin gaba nesa da taga, saboda raunin gani da ke tafiya tare da zabiyanci. Wannan na ƙarshe ko dala bai ci ba, kuma kowane darektan makaranta na iya yin sa gobe da safe.

Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan fanni. A Moshi ta Tanzaniya ana haɗa wani mai da ake kira Kilisun, ana raba wa zabiyoyi kyauta. Tun 2015 ake bikin ranar zabiyoyi ta duniya a kowace 13 ga Yuni, kuma a Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kare rana a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Saura aikin ma'aikatan gida. Muddin ana kallon wannan mai a matsayin kayan kwalliya, a duwan da kuma a ma'aikatar lafiya, zai ci gaba da zama a kanta ɗaya da turare da janbaki, da tsadar da ta fi ƙarfin manomi. In kuwa aka ɗauke shi magani, hanyarsa ita ce ta ONPPC, ya sauka a asibitocin gundumomi tare da maganin zazzaɓin cizon sauro, yadda uwa daga Tajaye ko Dogerawa za ta karɓa a likitar garinsu ba sai ta biya kuɗin mota zuwa Ƙonni ba.