Sojan Biro Da Sojan Daji: Abin Da Na Gani A Shagon Babana A Zuru

A Zuru da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga hoton soja rataye a bango ba. Ƙasar ta yi suna da aikin soja tun zamanin Turawa, musamman a tsakanin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Dattawanmu sukan ce saurayin da ya yi golmo, ya kwashe shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata, babu abin da za a nuna masa a Defo ta horar da kurata a Zariya da zai sa ya gudo. Nan ce mahaifar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Tanko Ayuba da ya yi gwamnan soja a Kaduna. Sarkinmu ma da ya rasu a watan Agustan 2025, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, sai da ya yi gwamnan soja a Bauchi a 1984 kafin daga baya ya ajiye kaki ya sa rawani.

Amma ni ba manyan na sani ba. Masu igiya ɗaya da masu igiya biyu na sani, kuma ta wuyan riga da ƙafar wando na san su. Babana tela ne, gyaran kaki shi ne rabin cinikinsa, ni kuma ni ne yaron guga. Da an tashi daga makaranta sai in hura gawayi, in dama sitaci, in kama aiki har magariba.

Kaki ba ya zuwa daidai da jikin mai shi. Kurtu zai dawo daga Zariya da wandon da zai ɗauki mutum biyu, ya miƙa wa Baba yana kunya. Daga irin gyaran da mutum ya nema kuwa Baba ke gane aikinsa, ko bai faɗa ba. 'Yan badujala da 'yan sandan soja masu jar hula sun fi kowa fitina: riga ta kama jiki, karin guga ya miƙe, sitaci ya yi yawan da wando zai iya tsayawa shi kaɗai in an jingina shi. Akawu ma haka. Direba da makaniken tankar yaƙi ba ruwansu da wannan, su dai a ƙara musu faci a gwiwa, a toshe aljihun da sifana ta huda. Kakin kuku kuwa ko ido rufe na san shi, don warin hayaƙi da manja ba sa barinsa. Na sojan daji shi ne mafi wuyar sha'ani. Rana ta cinye launinsa, ƙaya ta tsattsage hannuwansa, allura na shiga zare na bin ta yana fita.

Kakana na wajen uwa yakan zauna a bencin shagon da hantsi. Tsohon soja ne da ya je Yaƙin Bama. Shi ya ba ni labarin kayan faretinsu na da: jar dara, gajeren wando, jar ɗamara, da tambarin bishiyar kwakwa. Ya ce lokacin da ya shiga, ƙafa ba takalmi suke fareti, hafsa Bature na tafe a gefe da takalminsa yana ƙyalli. Na tambaye shi ko abin bai ƙona musu rai ba. Ya ce, "Jikana, ai dukkanmu ne ba takalmi. Da mai bindiga da mai tukunya, ƙasa ɗaya muke takawa." Abin da ya ce ya fi ɓata rai a Bama shi ne raina sojojin dako, waɗanda ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Ana musu kallon ba cikakkun sojoji ba, alhali ranar da ba su iso ba kowa da yunwa zai kwana.

Ban gane maganarsa sosai ba sai a wani Disamba a tsakiyar shekarun 1990. Lokacin ne garin ke cika, 'yan hutu sun dawo saboda Kirsimeti da bikin Uhola da aurarraki. Wani kofur ɗan unguwarmu ya dawo daga Laberiya, inda sojojin ECOMOG suke tun 1990. Ya rame, ya yi baƙi, ba ya son hayaniya. Ya kawo kakinsa a leda ya ce a lallaɓa shi, domin yana so ya sa shi ranar ɗaurin auren ƙanwarsa. Baba ya ɗaga rigar a hasken ƙofa, sai ga titi ana gani ta bayanta.

Suna cikin haka ɗan baffan kofur ɗin ya shigo. Shi akawu ne a wata bataliya can kudu, bai taɓa jin ƙarar harbi ba in ba a filin atisaye ba. Kakinsa sabo fil, takalmi kana ganin fuskarka a ciki, yaran unguwa na biye da shi suna sara masa. Na biyun da ya kawo a rage masa ma ko sawa ba a taɓa yi ba.

Kofur ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Ƙanena, nawa aka ba ku bana?"

Ya ce, "Biyu ne kawai, Yaya."

Kofur ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya cire takalminsa ya ɗora a kan teburin yanka, ya ce da albashinsa ya saye shi a kasuwar mami, bayan na rabo ya rabu biyu a cikin fadama. Ya ce abin da bai manta ba shi ne ranar da suka dawo bariki aka jera su fareti, samanja ya bi layi yana duba su, ya fitar da shi gaban jama'a wai kakinsa ya kode, ya zubar da mutuncin runduna. "Ni da na kode shi a bakin daga ni ne mai laifi. Ku sojan biro da kuke maƙwabtaka da mai sito ku ne abin misali."

Akawun bai yi shiru ba. Ya ce, "Yaya, kada ka ce haka. Wa ya kwana yana buga takardar albashinku? Wa ya bi fayil ɗin matar abokinka da ya rasu ofis-ofis har aka biya ta? Kullum sojan biro, sojan biro. Ni na zaɓi inda aka tura ni?" Muryarsa na rawa. Ashe shi ma yana da nasa ciwon: in an zauna hirar maza ba a sa shi, kuma sabon kakin nan da yara ke bi shi ne shaidar da ake kafa masa cewa bai je ko'ina ba.

Baba bai ɗago kai daga keke ba sai da suka gaji. Sannan ya ce da akawun, "Ɗana, wannan na biyun ai ya yi maka yawa. Tsawonku ɗaya da yayanka." Yaron ya gane. Kofur ya ƙi, aka yi ta ja, har kakana ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a bari haka. Ni na ɓanɓare igiyoyi biyu daga tsohuwar rigar da reza, Baba ya ɗinka su a sabuwa, na goge. Ranar ɗaurin aure suka tsaya kafaɗa da kafaɗa aka ɗauke su hoto.

Ba na cikin masu cewa tsananin soja a kan tsabtar kaki shirme ne. Na ga yadda kurtu ke canza tafiya ranar da kayansa suka zauna masa daidai, na kuma ga yadda baƙar hular 'yan tanka ke sa makanike mai hannu duk baƙin mai ya ji shi ma wani ne. Bambancin hula da tambari bai taɓa raba kan sojojin da na sani ba, zolaya kawai yake kawowa. Abin da ke cin su shi ne a shimfiɗa doka ɗaya a filin fareti, amma rabo ya bi kusanci da sito. Mai gadin ƙofar ofis kakinsa zai shekara biyu bai nuna ba. Wanda ke kwana cikin ƙaya wata uku ya ishe shi. In an ba su daidai wa daida ma an ƙware ɗaya, balle a ba na ofis ya fi.

A 2015 aka yanke cewa kaki mai dabbare-dabbare na sojoji ne, sauran hukumomi su ajiye nasu, 'yan sanda ma sai in suna aikin haɗin gwiwa da soja ko wani aiki na musamman, kuma sojan ƙasa da na ruwa da na sama su koma sa iri ɗaya. A lokacin Baba ya tsufa, ƙanena ya gaji keken. Dokar ta yi ma'ana, sai dai ba ta kai daji ba. Da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, mutanen ƙauye da suka gudo Zuru sun sha gaya mana cewa wasu maharan da kakin soja suka zo. A watan Maris na 2022 aka kai hari a Kanya kan ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe Dabai, shi ma tsohon kanar, sojoji da dama suka rasa rayukansu. Tun wajen lokacin ƙanena ya daina taɓa kaki sai mai shi ya nuna katin aiki, ko da ɗan maƙwabci ne.

Wani ƙaramin soja da na tarar a shagon bayan wannan harin ya gaya mini abin da ya fi damunsa. Ba takalmi ba ne, ko da yake nasa ma saye ya yi. Ya ce sun shiga wani ƙauye da nufin kai ɗauki, mata na hango kakinsu suka kwashi yara suka yi daji. Sai da wani cikinsu ya ɗaga murya da C'lela, harshen Lelna, sannan aka fara leƙowa. Ya ce, "Kawu, a gidanmu hoton kakana da kaki ake nuna wa baƙo. Yau ni ake gudu."

Ga masu rabon kayan soja, kirana guda biyu ne. Ku fara da wanda ke daji kafin na ofis, ku ba shi gwargwadon yadda aikinsa ke cin kaya. Sannan ku bi sawun kowane kaki da ya fita daga sito, ku san a jikin wa ya ƙare.