Hausar Baki Da Hausar Takarda

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mai jin Hausa ba ya iya ɓoye garinsu. Da ya buɗe baki ya yi gaisuwa, kafin ya kai ga tambayar iyali, an riga an gane inda aka binne cibiyarsa. Wanda ya ce "munka zo", mun san mutumin yamma ne: Adar, Gobir, Arewa ko Sakkwato. Wanda ya ce "muka zo", sai mu duba gabas ko kudu, wajen Damagaram ko Kano. Wani ya ce "zamna", wani ya ce "zauna". Wani ya yi "amre", wani ya yi "aure". A kasuwa ɗaya za ka ji "dala biyat" ka ji "dala biyar", kuma kuɗin ɗaya ne.

Da can da zanen fuska ake gane mutum. Bagobiri yana da tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Yau iyaye da yawa sun daina yi wa ƴaƴansu tsaga. Amma zanen da ke kan harshe yana nan, ba wanzami ya yi shi ba, uwa ce ta yi shi tun yaro yana goye.

Ni mutumin Adar ne. Na yi lakwal aji 6, daga nan na koma gona. Rani biyu na yi ina cirani a Kano, ina tura kurar ruwa. A can na fara sanin cewa bakina yana da suna. Yaran unguwa suka sa mini "Munka". In na ce "shina tahiya", sai su ce in sake faɗi, su yi ta dariya. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne kasuwa. In na taya kaya, mai kaya ya ji harshena, sai kuɗi ya hau. Ya ɗauka baƙauye ne ya zo, bai san farashi ba. Wata rana na tura wani abokina ɗan gari ya taya bargon da na taya, aka rage masa abin da aka ƙi rage mini. Bargo ɗaya, rana ɗaya, baki ne kawai ya bambanta.

Yanzu ina koyar da manya a makarantar yaƙi da jahilci, a wani ƙauye cikin jihar Tawa. A nan na tarar da maganar ta biyo ni har cikin littafi. Mu a nan "hwari" muke cewa, littafi ya rubuta "fari". Muna cewa "lahiya", ya rubuta "lafiya". Muna cewa "wanga gida na", ya rubuta "wannan gida ne". Wani dattijo mai furfura ya daɗe yana duban babban allo, sannan ya ce: "Malam, ni hwari nika cewa, ubana hwari shika cewa. Ashe tun da anka haihe mu ba mu iya Hausa ba?"

Ba da wasa ya yi tambayar ba. Mutum ne da ake kira in za a raba gado ko a sasanta rikicin iyakar gona, don ya iya magana. Ga shi takarda tana neman ta mai da shi yaro. Na ce: "Baba, in ka kai hatsi kasuwa, da wace ƙwarya ake auna maka?" Ya ce da tiya. Na ce, to, a gida fa? Ya ce kowace mace da ƙwaryarta. Na ce haka rubutu yake. Tiyar kasuwa ce aka yarda da ita don kowa ya gane kowa. Ba ta ce ƙwaryar gidanka ƙarya ce ba.

Ya kamata mu san yadda aka yi wannan tiya. Turawan Ingila da suka fara buga littattafan boko a Zariya, Hausar Kano suka fi bi, don Kano ce babbar kasuwa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da irin wannan Hausa. Rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa a 1957. A 1966 aka yi taro a Bamako don a daidaita baƙaƙen rubuta harsunanmu, a 1980 kuma aka sake zama a Yamai a kan rubutun Hausa. Daga baya finafinan Kano suka shiga kowane ƙauye. Mutane ne suka zauna suka zaɓa, da dalilansu. Ko yau ba a gama daidaitawa ba: mu a Nijar muna rubuta "ƴaƴa", a Najeriya suna rubuta "'ya'ya", mu kuwa a Adar ma "ɗiya" muke cewa.

Hausar garuruwanmu ta girmi littafin, ta girmi iyaka. Bayan an ci Alkalawa da yaƙi a 1808, Gobirawa suka taho arewa har suka kafa Tibiri, suka zo da Gobiranci. Katsinawan da suka bar Katsina su suka kafa Maraɗi. Shi ya sa mutumin Ƙonni da mutumin Sakkwato bakinsu ya fi kusa da juna, ko da ƙasarsu ba ɗaya ba, a kan mutumin Ƙonni da na Damagaram. Abin da iyakar Faransa da Ingila ta kawo mana ƴan kalmomi ne. Mu muna da lakwal da lokotoro da bik, su suna da makaranta da likita da biro.

Akwai waɗanda abin ya fi yi wa nauyi, su ne waɗanda ba da Hausa aka goya su ba. A ajina akwai wani Bafulatani makiyayi. Fulatanci ba ya raba "ya zo" da "ta zo", kuma ba shi da "ƙ". Wata rana ya zo a makare, ya ce matarsa ba lafiya, "ya kwanta tun jiya". Aji ya fashe da dariya. Ba wanda ya tambaye shi yaya jikinta. Bai sake zuwa ba har kwana takwas. Na bi shi ruga da maraice. Ya ce: "Malam, na zo neman karatu ne, ban zo in zama abin kallo ba."

Ku duba wannan mutum. Yana jin Fulatanci, yana jin Hausa, yana ciniki da Buzaye da harshensu. Masu yi masa dariya, yawancinsu harshe ɗaya gare su. Da ya dawo, muka kai ga baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƴ. Duk ukun suna cikin Fulatanci, kuma da su ake rubuta shi. Ya riga kowa ganewa. A ranar ya rubuta sunan saniyarsa da harshen uwarsa, ya nuna wa na kusa da shi.

Dariyar aji ƙarama ce. Babbar tana gaban mai gari, ranar da dabbobi suka yi ɓarna a gona, ko gona ta cinye burtali. Na zauna a irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Mai santsin baki ya yi bayani a saurare shi. Wanda Hausarsa ke ɗingishi ya fara, a yi ta murmushi, a katse shi, shi kuma ya ji kunya ya taƙaita. Sau da yawa yana da gaskiya a wani gefe, amma ba ta fito ba. Ya biya tara ya tafi da abin a ransa, kuma irin wannan ne ke tsirowa baɗi ya zama faɗa. Haka mace ke zuwa asibiti a birni da yaro, a kwaikwayi maganarta sau ɗaya, ta yi shiru ba ta faɗi duk abin da ke damun yaron ba.

Wani zai ce ai wasa ne, mun gada. Gaskiya ne muna da wasan taubasai. Bafulatani da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Babarbare, kowa yana tsokanar ɗan uwansa, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin gadon duniya a 2014. Amma taubashi in ya kwaikwayi bakinka, kai ma kana da ikon ramawa nan take, a rabu ana dariya. Wanda ke zaune bayan tebur, takardarka tana hannunsa, ba ka iya rama masa. Wannan ba wasan taubasai ba ne.

Samarinmu masu cirani kuma nasu daban ne. Yaro ya yi shekara biyu a kudu, ya dawo yana "ne" da "ce". Tsofaffi su ce ya sayar da bakinsa. Ni ban ga laifinsa ba. Ya koyi abin da zai ci abinci da shi ne, kamar yadda na koya. Ni da ke rubuta muku "muka" a wannan shafi, in na shiga gida "munka" nake cewa. Wanda nake jin tausayi shi ne wanda ke gyara wa uwarsa magana a gaban baƙi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi kuwa ya fara jin kunyar kukan.

A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar. Tun lokacin ɗalibaina suke tambayata: wace Hausar? Ta Adar, ko ta Damagaram, ko ta rediyo? A ganina, takarda ta bi rubutu ɗaya, wannan ya fi mana sauƙi. Amma a rediyo da wurin taro da gaban hukuma, a bar kowa ya yi da bakin garinsu, a ji abin da ya zo da shi.

A ajinmu mun buɗe wani kaye na musamman. In muka gamu da kalma a littafi, sai in rubuta ta a allo yadda take, sannan kowa ya faɗi yadda ake cewa a gidansu, mu rubuta a gefe. Dattijon nan shi ya fi kowa kawo kalmomi, sunayen ciyayi da na iri-irin hatsi da ba su cikin littafinmu ko kaɗan. Bafulatanin ya ba mu sunayen launin shanu. Kayen ya kusa cika. In a garinku akwai kalmar da ba ku taɓa gani a rubuce ba, ku rubuta ta da hannunku, ku faɗi ma'anarta da sunan garin, ku ba malamin makarantarku ya aiko wa jarida.