Matakalan ƙarfe na birnin Niyok

Baƙon da ya taka unguwannin Soho da Greenwich Village a birnin Niyok na Amurka, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne baƙaƙen matakalan ƙarfe da ke manne a fuskar tsofaffin benaye, suna karkacewa daga hawa zuwa hawa. Mazauna sun mayar da su baranda: wani ya jera tukwanen furanni, wata ta fito shan iska da yamma. Asalinsu kuwa tsoron gobara ne, domin tun 1867 dokar gidajen haya ta wajabta wa masu gida samar da hanyar tsira.

Na tsaya a mahaɗar titin Greene da Washington Place, gaban wani bene mai hawa goma da ɗaliban Jami'ar Niyok ke shiga da fita abinsu. A hawa ukun ƙarshe na wannan gini masana'antar ɗinki ta Triangle take, kuma nan wuta ta tashi da yammacin Asabar, 25 ga Maris, 1911. Mutum 146 suka rasa rayukansu, akasarinsu 'yan mata 'yan ci-rani, Yahudawa da Italiyawa. Waɗanda ke hawa na tara sun ruga wata ƙofa suka tarar da ita a kulle, wai don kada ma'aikata su saci kaya. Matakalar waje guda ɗaya tal, ga ta siririya, ta lanƙwashe da mutane a kanta ta rufto. Tsanin 'yan kwana-kwana bai wuce hawa na shida ba, sai ma'aikata da dama suka yi ta faɗowa ta taga.

Sai a 2023 aka buɗe abin tunawa da mamatan a jikin ginin, inda aka yanka sunayensu a ƙarfe. Shekara 112 ke nan, kuma a ganina jinkirin ya yi yawa. Masu masana'antar, Max Blanck da Isaac Harris, kotu ta wanke su tun a shekarar gobarar.

Daga 1968 birnin ya hana sa wa sababbin gine-gine irin wannan matakala ta waje, aka koma matakalar ciki mai ƙofar da ke tare wuta da hayaƙi. Mai karatu, in ka sauka a otal ko ka hau benen kasuwa, nemi ƙofar fita ta gaggawa, ka tura ta da hannunka ka ga ko tana buɗewa.